Wa Ya Sauya Wa Bagaruwa Suna?

Ranar wata Laraba cikin zangon karatun da ya gabata, ina zaune a ofis ina duba takardun jarrabawa, sai wata ɗalibata ta ajin ƙarshe ta yi sallama ta shigo, littafi a hannun dama, waya a hagu, fuskarta babu walwala. Aikinta na kammala digiri a kan bagaruwa yake, wato sinadarin nan da ke cikin kwanson 'ya'yanta, wanda majema ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Ta buɗe littafin ta nuna mini sunan bagaruwa na kimiyya, Acacia nilotica. Ta miƙo wayar ta nuna mini wata maƙala ta kwanan nan da ta kira itaciyar Vachellia nilotica. Ta ce, "Malam, wanne ne daidai? Na riga na buga babi uku da na farkon."

Na ce mata na biyun ake amfani da shi yanzu, na farkon ya zama tsohon suna. Ta ɗan yi shiru, sannan ta yi tambayar da ta sa na ajiye birona: "To Malam, wa ya sauya? Kuma wa ya ba shi izini?"

Amsar da na ba ta a ranar gajeruwa ce, ni kaina ban gamsu da ita ba, shi ya sa na kawo maganar wannan fili. Mu malamai mun saba koyar da rabe-raben tsirrai kamar jadawalin lissafi, biyu sau biyu huɗu, ɗalibi ya haddace ya zuba a takarda ya wuce. Haka aka koyar da ni. A shekarata ta biyu a jami'a mun haddace tsarin Bentham da Hooker daga sama har ƙasa. Babu wanda ya gaya mana cewa tun 1883 aka kammala shi, balle a faɗa mana cewa a daidai lokacin da muke wannan hadda, masana suna can suna warware shi zare-zare. Da na fara koyarwa kuwa, da tsohon littafin rubutuna na ɗalibta na shiga aji, na shekara uku ina maimaita abin da aka ba ni. Akwai mutanen da ke yawo da takardar digiri a yau waɗanda ni na cusa musu tsohon labari.

Kowace al'umma da ta rayu da tsirrai ta rarrabe su. Bahaushe ya san itace, ya san ciyawa, ya san mai yaɗo, ya bambance na gida da na daji, har yakan ƙulla zumunci tsakanin tsirrai ta hanyar suna. Da ya ga itacen da ya yi kama da kaɗanya amma ba ya ba da man da ake nema, sai ya raɗa masa namijin kaɗe. Akwai goro da namijin goro, akwai gwanda da gwandar daji, ga dankali da dankalin Turawa. Wannan tsari yana yi wa manomi da mai magani da uwargida aiki yadda ya kamata, ban kuma yarda da masu raina shi ba. Sai dai a cikin waɗannan tagwaye huɗu babu ko guda da kimiyyar yau ta sa a dangi ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Tarihin wannan fanni, idan aka tattara shi, ƙoƙari ne na gane inda kama ke nuna jini da inda take yaudara.

Na farkon da rubutunsa ya iso gare mu shi ne Theophrastus, almajirin Aristotle a ƙasar Girka, sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya raba tsirrai gida huɗu bisa girma da ƙira, daga manyan itatuwa zuwa ganyaye. Bayansa Dioscorides, likita ne, ya tattara tsirrai kusan 600 bisa amfaninsu a magani. Malaman Musulmi sun ɗora a kan wannan. Abu Hanifa Ad-Dinawari, wanda bai kamata a rikita shi da limamin mazhaba ba, ya rubuta Kitabun Nabat a ƙarni na 9, inda ya tsinto sunayen tsirrai daga bakin Larabawan ƙauye. Ibnul Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya jera magunguna da abinci kusan 1,400 bisa haruffa. Dukkansu amfani suka sa gaba: a gane tsiron, a san abin da yake yi.

Wanda ya juya al'amarin shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin. A zamaninsa jiragen ruwan Turawa suna ta dawowa da tsirrai daga kowace kusurwa ta duniya, sunan tsiro ɗaya kuwa yakan zama doguwar jimla ta Latin mai kalma goma ko fiye. A littafinsa Species Plantarum na 1753, mai ɗauke da nau'i kusan 6,000, ya ba kowane tsiro kalma biyu kacal: ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Tsamiya ta zama Tamarindus indica, gyaɗa ta zama Arachis hypogaea. Wannan dabara tana nan daram, har ma masana suka amince cewa daga ranar 1 ga Mayu, 1753 ake fara lissafin sunayen tsirrai masu fure.

Dabararsa ta biyu ita ce ba ta yi tsawon rai ba, ita ce kuma ta fi koyar da darasi. Ya ce a buɗe fure a ƙirga 'yan siraran sandunan nan masu ɗauke da garin da ƙudan zuma ke kwasa, waɗanda ya kira mazan fure. Mai namiji ɗaya aji na ɗaya, mai biyu aji na biyu, haka ya bi da yawansu da tsawonsu da yadda suka haɗe da juna har ya sami aji 24, na ƙarshen ya tara duk abin da ba ya fure a cikinsa. Tsari ne mai sauƙin gaske, duk wanda ya iya ƙirga zai iya aiki da shi, abin da ya sa ya mamaye Turai ke nan. Amma mai karatu ya dubi abin da ya haifar. Tsamiya tana da maza uku, alkama da rake ma haka, sai suka faɗa aji ɗaya. Shinkafa tana da shida, sai ta bar 'yan'uwanta hatsi ta koma aji na shida ta zauna da albasa. Masara kuwa, da yake furenta na namiji yana can sama a kan kara, na mace yana jikin goyo, aka jefa ta aji na 21. Gyaɗa, wadda danginsu ɗaya da tsamiya, tana aji na 17. Kowane yaron ƙauye da ya taɓa ganin shinkafa da alkama a gona ya san 'yan ɗaki ɗaya ne. Linnaeus ma ya sani, bai ɓoye ba cewa tsarin nasa na wucin gadi ne, kamar yadda ake jera littattafai bisa launin bango don a yi saurin ɗaukowa.

Cikin waɗanda suka ƙi wannan tsari tun da wuri akwai wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya zauna kusan shekara biyar a Senegal tun daga 1749. Tsirran da ya tarar a can sun ƙi shiga akwatunan Linnaeus, sai ya yanke cewa ba a yi wa tsiro hukunci da siffa ɗaya, dole a duba saiwa da ganye da fure da 'ya'ya da iri baki ɗaya. Sunansa ne ke jikin kuka har yau, Adansonia digitata. A 1789 Jussieu ya fitar da dangi 100 a kan irin wannan tunani, da yawansu ana amfani da su har gobe. Daga nan aka zo kan George Bentham da Joseph Hooker na lambun Kew a Ingila, waɗanda suka shafe daga 1862 zuwa 1883 suna duba busassun tsirrai ɗaya bayan ɗaya da idonsu. Bayanansu na siffa suna da kyau har yanzu. Tsarinsu ya bi daular Ingila duk inda ta je, ta haka ya iso azuzuwanmu ya yi zaune.

Suna tsakiyar shirin wannan aiki littafin Darwin ya fito a 1859, ya sauya ma'anar kalmar dangi. A da, idan an ce tsirrai biyu dangi ɗaya ne, ana nufin sun yi kama. Bayan Darwin, masu wannan fanni suna nufin sun fito daga tsatso ɗaya. Matsalar ita ce ba su da hanyar tabbatar da tsatson sai ta kamar, don haka kowane babban malami ya zana tasa bishiyar zumunci: Engler a Jamus, Bessey da Cronquist a Amurka, Takhtajan a Tarayyar Sobiyet. Wanda ya fi shafar mu shi ne John Hutchinson na Kew, domin shi da J. M. Dalziel suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, littafin da har yau shi ne madogararmu idan za mu gane tsiro a daji. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, shi ne kuma ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa tun 1916. Hutchinson ya raba manyan tsirrai masu fure reshe biyu, masu asalin itace da masu asalin ganye, wanda idan aka lura komawa ce ga tunanin Theophrastus ta bayan gida. Wannan rabo bai tsira ba.

Abu biyu suka kawo ƙarshen zamanin da kowane malami ke da tasa bishiya. Na farko ƙa'ida ce da wani Bajamushe masanin ƙudaje, Willi Hennig, ya shimfiɗa a 1950: ba a kiran rukuni dangi sai ya ƙunshi kaka da dukkan jikokinsa, ba a bar ko ɗaya a waje ba, ba a kuma shigo da bare ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Na biyu shi ne samun damar karanta ƙwayoyin gado, wato DNA. A 1993 masana 42 ƙarƙashin jagorancin Mark Chase suka kwatanta ƙwayar gado guda mai suna rbcL, wadda ke da hannu a yadda ganye ke haɗa abinci daga iska da hasken rana, a tsirrai kusan 500. Daga wannan aiki aka sami tsarin haɗin gwiwa da ake kira APG, wanda ya fito a 1998, aka sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016. Na ƙarshen ya amince da dangi 416 na tsirrai masu fure.

Abu na farko da ya rushe shi ne wanda muka fi haddacewa tun sakandare, cewa tsirrai masu fure kashi biyu ne: masu iri mai ɓari ɗaya kamar gero da masara, da masu ɓari biyu kamar wake da gyaɗa. Masu ɓari ɗaya sun tabbata zuriya guda. Masu ɓari biyu kuwa ashe taron kasuwa ne. Bado na cikin tafki ya rabu da sauran tun kafin kakan gero da kakan wake su rabu da juna, don haka wake ya fi kusa da gero a jini fiye da yadda yake kusa da bado, duk da cewa a littafinmu na makaranta shi da bado ke layi ɗaya.

Inda na fi jin daɗin koyar da wannan sabon tsari shi ne tukunyar miya. A tsohon tsari kuka da rimi suna dangi guda, lalo yana wani, goro da koko suna na uku, kuɓewa da yakuwa da rama da auduga suna na huɗu. Da aka karanta ƙwayoyin gado sai aka ga uku daga cikin waɗannan iyakoki na bogi ne, aka rushe katangun, aka haɗe su duka a babban dangi ɗaya, Malvaceae. To, me ya haɗa miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo? Yauƙi. Wannan yauƙi gadon gida ne, akwai shi a jikin 'yan dangin da dama. Kakata, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana sa waɗannan miya uku a layi ɗaya tun kafin masana su yarda. Amma kada mu yi saurin tafa mata, domin a layin nata har da karkashi, shi kuwa ɗan gidan su riɗi ne, yauƙinsa daban ya samo shi. Harshe ya ci uku ya faɗi ɗaya.

Irin wannan yana da yawa. Zogale da gwanda da kabeji, waɗanda babu mai kallonsu ya ce sun haɗa komai, sun fito a babbar zuriya ɗaya, shaidarsu kuwa wani sinadari mai yaji-yaji da duk wanda ya taɓa tauna 'ya'yan gwanda ko saiwar zogale ya ji shi. Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, ko bedi, gwargwadon garin da mai karatu ya tashi, danginta ɗaya da maɗaci, a nan tsoho da sabon tsari ba su yi jayayya ba. Ƙerana ta yi kama da ƙayoyin hamadar Amurka masu kaurin jiki kamar an tsaga kara, alhali 'yar'uwar rogo ce, fari ne kawai ya yi musu ɗinki iri ɗaya. Tumatir, wanda aka yi sama da ƙarni biyu ana ba shi gida nasa na kansa, ya koma gidan Solanum wurin gauta da dankalin Turawa, inda Linnaeus ya ajiye shi tun farko. Wanda ya fi ba manoma dariya idan na faɗa shi ne gero. A 2010 masana suka nuna cewa gidan Pennisetum da gidan Cenchrus a cakuɗe suke, aka haɗe su, gero ya tashi daga Pennisetum glaucum ya koma Cenchrus americanus. Wane ne sanannen ɗan gidan Cenchrus a ƙasarmu? Ƙarangiya. Abin da muke nomawa da abin da muke cirewa daga ƙafar wando, gida ɗaya suka fito.

Wannan ba wasan suna ba ne kawai. Mai neman irin gero da zai jure fari, wurin dangin gero na daji zai je nema, sai ya san su kafin ya same su. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, mai shanye dawa da gero tun daga saiwa, an ɗauke shi daga tsohon danginsa an kai shi Orobanchaceae, inda aka tarar da ɗimbin masu irin wannan sana'a ta zama a jikin wani. Abin da aka gano game da yadda ɗaya ke shinshino saiwar mai masaukinsa yakan buɗe ƙofa a kan sauran.

Yanzu sai mu koma kan bagaruwa, inda labarin ya bar ɗakin bincike ya shiga zauren taro.

Tsohon gidan Acacia yana da nau'i sama da 1,300, kusan 1,000 daga cikinsu a Ostiraliya, sauran a Afirka da Asiya da nahiyar Amurka. Ƙwayoyin gado suka nuna cewa ba zuriya ɗaya ba ne, dole a raba gidan aƙalla biyar. Har nan babu gardama mai yawa. Gawo ma tun 1934 wani masani Bafaranshe, Auguste Chevalier, ya ware masa gidansa, Faidherbia. Gardamar ita ce wa zai gaji sunan. Dokar sunayen tsirrai ta tanadi amsa: kowane sunan gida a ɗaure yake da nau'i guda, kamar dabba da turke, idan gida ya rabu sunan yana bin ɓangaren da turken yake. Turken Acacia kuwa bagaruwa ce. Philip Miller ne ya kafa sunan a 1754, ya aro shi daga kalmar da Dioscorides ya kira wannan itaciya ta bakin kogin Nilu da ita, kalmar da ake dangantawa da ƙaya a harshen Girka. Bisa doka ke nan, Afirka za ta riƙe Acacia, itatuwan Ostiraliya, waɗanda galibinsu ba su da ƙayar ma, su koma Racosperma.

A 2003 masana biyu na Ostiraliya, Orchard da Maslin, suka nemi a tuge turken a mayar da shi kan wani nau'i nasu, Acacia penninervis. Hujjarsu ita ce sauya suna kusan 1,000 ya fi sauya 'yan ɗaruruwa ɓarna, ga harkar katako da ta dogara da sunan, ga furen ƙasarsu ma ɗan gidan ne. Dokar ta yarda da irin wannan roƙo idan zai rage ruɗani, kwamitin da ke dubawa kuma ya goyi baya. Aka kai maganar Babban Taron Masana Tsirrai na Duniya a birnin Biyana a 2005. Da aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 55 cikin 100 suka ƙi amincewa. Sai dai ƙa'idar da aka bi a zaman ta ce sai an sami kashi 60 kafin a ture shawarar kwamiti. Masu rinjaye suka faɗi. Aka shekara shida ana musayar zafafan maƙalu, sannan taron 2011, wanda aka yi a Melbon ta Ostiraliya, ya tabbatar da hukuncin da babban rinjaye. Bagaruwa da farar ƙaya da dushe suka koma Vachellia. Dakwara, mai ba da ƙaron da Sudan da Chadi da Nijeriya ke sayar wa duniya, ta koma Senegalia senegal, ko da yake 'yan kasuwa ba su fasa rubuta tsohon sunan a jikin buhu ba.

Na daɗe ina jin haushin wannan hukunci, har yanzu ma ina ganin yadda aka gudanar da ƙuri'ar Biyana bai yi kyau ba. Amma gaskiya ɗaya ce, hujjar mutanen Ostiraliya tana da nauyi, kuma ko da an bar mana Acacia, dakwara sai ta sauya suna, domin ita da bagaruwa ba gida ɗaya suke ba. Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne da na karanta yadda ake rabon ƙuri'a a wannan zaure. Duk wanda ya halarta yana da ƙuri'a ɗaya. Bayan haka ana ba ma'adanan busassun tsirrai, waɗanda muke kira habariyom, ƙuri'a daga ɗaya zuwa bakwai, gwargwadon girman ma'adana da yawan aikin da ake yi a cikinta. Ƙasar da ta kula da ma'adananta tana shiga zaure da aljihu cike. Wadda ta bar nata wa gara, labari za ta ji a rediyo, idan ma ta ji.

Na san wata ma'adana a wata jami'a, ba zan kama suna ba, da na shiga neman samfurin wani tsiro shekarun baya. Rufin yana yoyo daidai kan kabad na uku. Na buɗe wata jaka da aka tattara tun kafin a haife ni, rubutun mai tattarawa yana nan tsaf da alƙalami, wuri da rana da sunan Hausa, tsiron kuwa ya zama gari, ƙwari sun gama da shi. Ma'aikacin da ya san inda komai yake ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba. A irin wannan yanayi ne ake kawo mana kundin bincike mu duba, ɗalibi ya sayi garin sassaƙe a kasuwa, mai magani ya faɗa masa sunan Hausa, ya buɗe ƙamus ɗin Dalziel ya kwafi sunan Latin da ke gefe, ya ba ɓeraye, ya rubuta cewa tsiro kaza yana sauke sukari a jini. Na taɓa tambayar wani ina samfurin da ya ajiye, ya dube ni kamar na tambaye shi takardar haihuwar ɓerayen. Sunan Hausa ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku daga gari zuwa gari. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, sun kuma yi kama ga wanda bai saba ba, amma ɗaya ana yin kwaɗo da ganyenta, ɗayan 'ya'yansa suna kashe dabbobi idan suka ci da yawa. Binciken da ba a san a kan wane tsiro aka yi shi ba, babu mai iya maimaita shi, babu kuma likitan da zai dogara da shi.

Zama a zauren yana da amfani, an ga haka a taron Madrid na 2024. Akwai tsirrai sama da 200 da sunansu na yanka ya samo asali daga kalmar da Turawan wariyar launin fata ke zagin baƙar fata da ita a kudancin Afirka. Gideon Smith na Afirka ta Kudu, wanda yana cikin waɗanda suka yi faɗan Acacia suka sha kaye, shi da abokiyar aikinsa Estrela Figueiredo suka kawo shawarar a goge harafi biyu, caffra ta koma afra, wato ta Afirka. Aka kaɗa ƙuri'a suka yi nasara. Taro na gaba kuwa a 2029 za a yi shi a birnin Kef Tawun, karo na farko a wannan nahiya. Akwai kwamitin da ke duba buƙatar duk ma'adanar da ta nemi a ba ta ƙuri'a. Shugabannin sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu suna da 'yan shekaru a hannu su gyara rufi, su sayi maganin ƙwari, su ɗauki ma'aikaci, su rubuta takardar nema. Masu tsara manhaja su kuma, ba na cewa a jefar da Bentham da Hooker, a koyar da su a matsayin tarihi, tare da shekarunsu, a gaya wa ɗalibi dalilin da ya sa aka wuce su. Ɗalibin da ya san dalili ba zai firgita ba idan tsari na biyar ya fito ya sake taɓa wani suna.

Ita kuwa ɗalibata, na ce ta bar batun gyaran babi tukuna. Ta koma wurin majemin da ke ba ta kwanson, ya kai ta gindin itaciyar da ake tsinkowa, ta yanko reshe mai ganye da fure da 'ya'ya, ta danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ta rubuta wuri da rana da sunan da shi majemin ke kiranta. Bayan mako uku ta dawo da shi manne a farar takarda. A ƙasa ta rubuta gabaruwa, domin haka tsohon ya faɗa, ya kuma nace cewa shi bai san wata bagaruwa ba.

Muka shimfiɗa samfurin a tebur muka buɗe littafin Hutchinson da Dalziel. Bagaruwa ƙananan iri gare ta fiye da ɗaya a Afirka ta Yamma, a kwanso ake bambance su. Akwai mai kwanso a tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, wadda hotonta ke cikin littafin da ɗalibar ta fara kawo mini, ita ce kuma ta kwatanta a babinta na biyu. Nata kwanson faffaɗa ne, gefensa ɗan lanƙwasa kawai, jikinsa da laushin gashi. Na nuna mata layin da yatsa, ƙaramin iri mai suna adstringens. Ta dubi takardar, ta dubi kwanson, ta ja numfashi ta ce, "Wato Malam, har babi na biyun ma sai na sake."

Na ce mata har da jadawalin da ke shafi na goma sha ɗaya.